Littafin aikin injin jirginmu: a bar famfon baƙin mai ko a cire?

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Injin ya iso Yauri jiya da dare daga Legas. Yamaha ne mai ƙarfin doki 70, mai bugu biyu, silinda uku, na hannu, ɗan Turai. Ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka saya saboda babban jirgin katakon da muke lodin shinkafa da albasa. Tsohon injinmu, Yamaha Enduro mai doki 40, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma in jirgin ya cika kuma iska ta taso a tsakiyar tafkin Kainji, sai ka ji yana nishi. Shi zai koma kan ƙaramin jirgin da ke fito tsakanin Zamare da Rofia.

Da muka ɗaga murfi sai ga abin da babu a Enduro: farin tankin roba a gefen inji, ɗan famfo a ƙasa da shi, da siraran tiyo uku suna shiga ta bayan kafiretoci. Famfon baƙin mai ke nan, wanda Yamaha ke kira Autolube. Ka zuba fetur zalla a babban tanki, ka zuba baƙin mai a wannan ƙaramin, inji ya auna wa kansa.

Ga wanda bai saba ba, inji mai bugu biyu ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a gindinsa irin ta injin mota. Fetur da iska suna bi ta ɗakin karanshaf kafin su hau saman fistin, to man da ke tafe tare da su shi kaɗai ke jiƙa boris da fistin da ringi, daga nan ya ƙone ya bi hayaƙi. In man ya yanke kana cikin gudu, mintoci kaɗan sun isa fistin ya kama. A Enduro mu ke gauraya shi da hannu, kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita a jarka mai lita 25.

Kafin azahar duk wanda ke bakin ruwa ya zo ya leƙa, kuma bakinsu ɗaya: a cire famfon. Yaya yana tare da su. Ni dai na roƙi kada a taɓa komai sai Baba makaniki ya gani.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Baba ya zo bayan la'asar. Ya auna matsin silindojin uku ya ce sun yi daidai da juna, babu wadda ta faɗi. Ya kwance fulogi ya duba, ya sauke man giya ya ga babu ruwa a ciki. Sannan ya kama ɗaya daga cikin siraran tiyon nan ya ɗan lanƙwasa, sai ya tsage a hannunsa.

Ya miƙo mini guntun robar ya ce, "Ɗana, ba famfon nan ke kashe inji ba. Ga mai kisan."

Na ce, "Baba, to me ya sa kowa ke cirewa?"

"Cirewa ta fi sauƙi, kuma in inji ya buga bayan nan ba wanda zai dawo ya zagi makaniki."

Tsufan tiyon bai ba ni mamaki ba. Tun farkon 2007 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta rufe ƙofar sayar da sababbin injuna masu bugu biyu irin masu kafireta ga jiragen shaƙatawa, Amurka ma ta yi ta tsananta tata dokar daga 1998 zuwa 2006. Ke nan yawancin irin waɗannan injunan da ke fitowa daga Turai sun haura shekara 17, robar da ta daɗe haka tana shan zafi kuwa ta gama aikinta. Shi ƙarfen famfon cikin mai yake tun ranar da aka ƙera shi, ba ya saurin ci.

Abu na biyu da Baba ya gano ya fi damuna. A cikin tankin man akwai sansa mai gane in man ya yi ƙasa. Idan ya kusa ƙarewa ƙararrawa za ta yi kuka, inji kuma ya rage gudu da kansa zuwa wajen juyi 2000 a minti. To ƙararrawar tana cikin akwatin totur da giya ne, wanda ake ɗaurawa kusa da sitiyari, akwatin kuwa ya yi zamansa a Turai. Dillalin ya sa wa injin hannun tuƙi irin namu, ya zare wayoyin sansar ya naɗe su da salatif. Yadda yake a yanzu, ko tankin ya bushe ƙaf babu abin da zai yi ƙara.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ni da Yaya mun sha ja-in-ja a makon nan, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce.

"Abin da na zuba da hannuna na san ya shiga," in ji shi. "Famfo a ƙarƙashin murfi wa ke ganinsa? Babur in ya buga ka tura shi gefen hanya. A tsakiyar ruwa, da buhuna da mutane, ina za ka tura? Kai fa kana kan tudu da littafin lissafi, ni ke riƙe da totur."

In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Kuma Yamaha da kanta tana bayansa: injunan Enduro da take ƙera wa masunta da masu fito na Afirka da Asiya ba ta sa musu famfo ba. Kamfanin da ya fara sa Autolube a baburansa tun 1964 ya san yadda ake yi, da gangan ya bari, don ya san inda injunan za su. Wuraren da kayan gyara ke da nisa ne, mai kuma sai wanda aka samu.

Tsoron ma yana da tarihi. Wanda ya yi acaɓa da Jincheng ya san ɗan tankin 2T da ke gefe, ya kuma san da yawa sun daina yarda da shi sun koma tsiyaya man cikin tankin fetur. A Amurka akwai famfon VRO da kamfanin OMC ya sa wa Evinrude da Johnson a 1984, wanda ya yi ƙaurin suna har masu jirage da dama suka toshe shi. Amma VRO wani abu ne daban, famfon fetur da na mai ne a haɗe, bugun iskar ɗakin karanshaf ke motsa robar cikinsa. Na Yamaha haƙorin giya ke juya shi daga karanshaf, muddin inji na juyawa shi ma yana juyawa. Wata siririyar sanda ta haɗa shi da totur, a sulo ya rage mai, in ka buɗe wuta ya ƙara har ya kai wajen 1 cikin 50.

Tawa hujjar a kan hannun namu take. Ku zo bakin ruwa da asuba ku ga yadda ake awo. Wani da gwangwanin madara, wani da murfin galan, wani da ido kawai, ya yi ta tsiyayawa har launin fetur ya yi masa. Jarkar da ake kira mai lita 25 in an cika ta har wuya ta fi haka, in kuma daga hannun 'yan bumburutu ta fito Allah kaɗai ya san nawa ne a ciki. Masu tsoro suna ninka man suna ganin gata suka yi wa inji, alhali gawayi suke tara masa a ringi da salansa, fulogi na ta mutuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 komai ya hau, wasu kuma ragewa suke yi a ɓoye. Kuma mafi yawansu SAE 40 na mota suke zubawa. Wannan ne hannun da aka fi yarda da shi?

Yaya ya ce, "Ni ba haka nake awo ba." Gaskiyarsa, shi da gorar ruwa mai santilita 50 yake yi, cif. Amma ba kullum yake cikin jirgi ba, akwai ranakun da yara ke fita su kaɗai.

Inda muka tsaya: zan gyara famfon in gwada shi a gabansa. In ya gaza, ni zan biya Baba kuɗin cirewa daga aljihuna.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mun sauke tankin man mun wanke da fetur. Ruwa ya kwanta a gindinsa, da wani kauri mai yauƙi, matatar ta toshe kusan rabi. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake zama, famfo kuma daga ƙasa yake sha. Akwai ɗan guntun tiyo makaho a ƙarƙashin tankin da aka yi don tara irin wannan ruwan, mun same shi a cike. Da mun ta da injin haka, ruwa za a fara aika wa boris.

Sababbin tiyo masu haske sun iso daga Legas tare da maɗauransu. Kowane layi yana da ɗan bawul mai barin mai ya wuce gaba kawai. Mun hura su da sirinji, duk ukun lafiya.

Sai maganar man kansa, wadda nake ganin ita ce gundarin aikin nan. Na sa an sayo katan guda na man injin ruwa mai tambarin TC-W3, ma'aunin da ƙungiyar NMMA ta masu ƙera jiragen ruwa a Amurka ke bayarwa. Injin jirgi ruwa ke sanyaya shi, yana kuma daɗewa a buɗe da lodi, shi ya sa aka yi masa man da ke ƙonewa ba ya barin toka. 2T na babur an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa, wanda ya fi zafi, yana barin toka kaɗan. SAE 40 kuwa ba a yi shi don ya ƙone ba sam, ga kauri. A jarka, in an girgiza, aƙalla zai bi fetur ya shiga. A cikin siririn tiyo da sanyin asubar hunturu ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wanda ba zai iya samun man kirki a kai a kai ba, ni ma zan ce masa ya cire famfon.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar gwaji. Mun ɗaura injin a kan katako, ƙafarsa cikin duro cike da ruwa. Na gauraya lita 10 da mililita 200 na mai, don ko famfon bai ba da ɗigo ɗaya ba injin yana da abin sha.

Da farko Baba ya sassauta notin fitar da iska da ke jikin famfon, mai ya yi ta fita da kumfa har ya koma zalla, sannan ya ɗaure. Muka ta da inji, ya riƙe hannun famfon a buɗe da yatsa yayin da injin ke sulo, muna kallon man yana hawa cikin tiyon a hankali, yana tura iska gaba, har layukan uku suka cika babu ƙwayar kumfa.

Sannan awo. Ya zare tiyo ɗaya daga mazauninsa, ya toshe ramin da ya bari don kada inji ya sha iska, ya sa bakin tiyon cikin sirinjin allura da aka cire wa matsi. Juyi 1500, hannun famfo a buɗe, minti 3 a agogon wayata. Haka muka yi wa kowane layi. Abin da ya taru a sirinji bai kai cokalin shayi ba, har yaron jirgi ya ce ai wannan ba zai isa komai ba, amma ukun sun zo kai ɗaya. Abin da Baba ke nema ke nan. Layin da ya gaza 'yan uwansa shi ke ƙona silinda ɗaya ya bar biyu lafiya.

Sandar da ke haɗa famfo da totur ta ɗan yi sako-sako, robar bakinta ta ci. In ta fice a tafiya ba a san inda hannun famfon zai tsaya ba. An sake robar, aka daidaita sandar yadda in totur ya buɗe duka hannun famfon zai kai ƙarshen tafiyarsa.

Yaya ya tsaya daga farko har ƙarshe, hannu a baya. Da aka gama ya ce, "A duro ne." Ya wuce masallaci.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An mayar da wayoyin sansar, an sa ƙaramar ƙararrawa mai aiki da batir a ƙarƙashin bencin direba, da jar fitila. Mun gwada ta hanyar ɗaga sansar daga cikin man: ƙararrawa ta yi kuka, inji ya ƙi wuce rabin gudu. Madalla.

Sai dai kada a ɗora wa sansar abin da ba nata ba. Yawan man da ke cikin tanki kawai take gani. In tiyo ya fice ko ya tsage bayan famfo, shiru za ta yi. Maganin wannan ido ne: a ɗaga murfi kowace safiya a dubi layukan uku, cike suke ko akwai iska, akwai jiƙar mai a ƙasan inji ko babu.

Talata, 10 ga Disamba

Injin yana kan jirgi yana aiki. Har yanzu gaurayayyen fetur muke zubawa, famfo kuma yana ba da nasa, mai ninki biyu ke nan. Haka ma Yamaha ke cewa a yi wa sabon inji mai famfo a awa 10 na farko. Hayaƙi kam ba a magana, masu jiran fito har tsiya suke mana wai mun buɗe gidan burodi a kan ruwa. Fulogi sun yi baƙi, an goge.

Na ja layi da alƙalami a jikin tankin man, kullum da yamma ina dubawa. Yana sauka, kuma saukar tana tafiya da yawan fetur ɗin da aka ƙona. A cikakken gudu injin nan yana shan wajen jarka guda a awa, Enduro bai taɓa yi mana wannan ɓarnar ba, amma lodin da yake turawa ma ba ɗaya ba ne.

Asabar, 28 ga Disamba

Jiya muka zuba fetur zalla karo na farko. Yaya da kansa ya ce a yi, bayan ya ɗaga murfi ya ƙura wa tiyon ido ya kuma gwada ƙararrawa. Bai yarda a ɗauki fasinja ba, buhuna kawai, kuma muka bi gaɓa ba mu yanki tsakiya ba. Ruwa ya cika a wannan lokacin saboda wanda ke gangarowa daga Gini da Mali ya iso, kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye tun 1968 sun nutse ba a ganinsu, dole a tafi a hankali a wasu wurare.

A nan bambancin ya fito. Da gaurayayyen mai, in ka daɗe a sulo inji yakan fara tari, ka buɗe wuta ya yi gardama kafin ya wartsake, saboda 1 cikin 50 awon cikakken gudu ne, ya yi wa sulo yawa. Yanzu babu wannan. Hayaƙi ya ragu sosai, shuɗin man da ke bin bayan jirgi a kan ruwa ma ya ragu. Da muka dawo Baba ya kwance fulogi uku, duk launin ƙasa-ƙasa, a bushe.

Wani amfanin da ban yi tunaninsa ba: tunda man ta bayan kafireta yake shiga, fetur zalla ke kwana a cikinta. In jirgi ya yi kwanaki a ɗaure babu danƙon man da ke toshe jet.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Matsalar da ta taso ba a jikin injin take ba. Da, doka ɗaya ce a gidanmu: duk jarkar da ta sauko bakin ruwa an gauraya ta. Yanzu muna da inji biyu masu ci daban-daban, jarkoki kuwa duk rawaya ne, bakin tiyon fetur ɗin ma iri ɗaya.

Shekaranjiya da asuba yaron ƙaramin jirgi ya ɗauki jarkar babban ya juye a tankin Enduro. Allah ya sa Yaya yana wurin, ya ga fetur ɗin fari tas a mazurari ya daka masa tsawa kafin a ja igiya. Da an ja, da Enduro bai kai Rofia ba. Kuskuren ɗaya gefen ba shi da haɗari, in gaurayayye ya shiga mai doki 70 hayaƙi kawai zai yi. Amma zalla a Enduro mutuwa ce.

Yaya ya ce, "Ka gani? Famfonka bai kashe nasa injin ba, ya tashi kashe na maƙwabci." Shawararsa a koma gauraya komai, a huta. Na ce in haka ne gara a cire famfon gaba ɗaya, don ba za mu dawwama muna ƙona mai ninki biyu ba.

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce a juya dokar: daga yau babu jarkar da za a gauraya, duk zalla ce, kowa ya san haka. Gaurayawa a cikin jan tankin Enduro kawai za a yi. An ɗaure gora mai layin awo a hannun tankin da igiya, ba mai buɗe murfin bai taɓa ta ba. Mai ya fara shiga, sai fetur kaɗan, a girgiza, sannan a cika. Na rubuta awon da fenti a jikin tankin: lita 5 mililita 100, lita 10 mililita 200, lita 20 mililita 400. Yaya ya yarda, da sharaɗin ni zan riƙa sauka da asuba ina dubawa har yaran su saba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lissafi daga littafina. A kowace lita 100 ta fetur, gaurayawa da hannu tana cin lita 2 ta mai. Famfon yana cin wajen lita ɗaya da rabi a irin tafiyarmu. Ragin bai kai yadda na yi wa Yaya alkawari ba, dalili kuwa jirgin kaya yawancin tafiyarsa a buɗe yake, inda famfo da hannu kusan awo ɗaya suke bayarwa. Mai kamun kifi da ke yini a sulo yana jan taru zai fi mu ganin riba. Kuma TC-W3 ya fi SAE 40 tsada nesa ba kusa ba, saboda haka wanda ke neman arha a yau ba zai same ta a nan ba. Abin da muka samu shi ne fulogi ba sa mutuwa, inji yana tashi da wuri, kuma babban jirgi ya fita daga hannun mai awo da ido.

Katan ɗin man ya kusa ƙarewa. A kasuwar nan na ga robobi masu tambarin TC-W3, amma murfin wasu an taɓa buɗe shi, man ciki kuma launinsa da warinsa ba irin wanda ke hannuna ba ne. Ban saya ba. Haɗa mai iri biyu da ba a san asalinsu ba a tanki ɗaya yana iya yin kaurin da muka kwashe a Nuwamba. Na aika Legas, direban ya ce sai mako mai zuwa.

In hanyar samun man ta gagara, cirewar ma sai an yi ta daidai, kuma na sa Baba ya faɗa mini yadda ake yi don kada a yi mana aikin gaggawa. Ba a barin famfo yana juyi a bushe. Za a zare shi da sandar giyar da ke juya shi, a rufe ramin da faranti da gasket, a toshe bakunan nan uku na bayan kafiretoci sosai, don ko ɗaya ya sha iska silindarsa za ta yi zafi ta huda fistin, sannan a raba sansar da wayoyinta don kada inji ya riƙa rage gudu yana neman man da babu. Wannan a irin namu mai kafireta ne kawai. Masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su Evinrude E-TEC da Mercury OptiMax da Yamaha HPDI, ba a yi musu haka, domin fetur ɗinsu ba ya bi ta ɗakin karanshaf, ko ka gauraya man ba zai kai ga boris ba. Na ga wani dillali yana tallar irinsu a waya, a kula.

Baba ya yanka farantin ya ajiye a akwatin kayan aikin jirgi tare da toshe uku da gorar awo, in famfon ya ba da matsala a Wara ko Malale a iya komawa gida da gaurayayye. Kafin azumi za mu sake awon sirinji, mu buɗe murfin salansa mu ga yawan gawayin da ya taru, a kuma canja robar famfon ruwa, don fitsarin injin, wato siririn ruwan sanyaya inji da yake fitarwa, ya fara rauni tun makon jiya.